Sunan yanka ko laƙabi? Murjanin da ake sayar mana a shagunan Jidda

Mai Tanki:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata damuwa ce ta kawo ni, kuma na san akwai masu sanin abin a cikinmu. Wata huɗu ke nan da na sayo murjani mai rai guda uku a wani shago da ke arewacin Jidda, na sa a tankina na gilashi na ruwan gishiri mai lita 300. Ba zan kama sunan shagon ba, don ba tonon asiri na zo yi ba. So nake in san abin da nake kiwo.

Na farko an ce mini Pink Bird's Nest ne, wato sheƙar tsuntsu mai ruwan hoda. Hotunan da nake gani na mai wannan suna, rassansa sirara ne masu tsini kamar ƙaya. Nawa kuwa da ya fara girma sai ga rassa masu kauri kamar ɗan yatsa, bakinsu a dakushe. Na biyu an ce Walt Disney ne, shi ya fi cin kuɗina, riyal 450 a kan ɗan ɓallin da bai kai tsawon ashana ba. A shago yana walƙiya, rawaya da ruwan hoda da shuɗi. A gidana ya koma ruwan ƙasa da ɗan kore-kore. Na uku mai shagon ya ce Acan Lord ne, amma a takardar da ke manne da ledar an rubuta Micromussa. Abin ya tsaya mini a rai. Cutata aka yi sau uku, ko ni ne ban fahimta ba?

Sabon Shiga:
Wa alaikumus salam Yaya. Gara da ka yi tambayar nan. Ni ma ina tara kuɗin tankina na farko, kuma sunayen nan sun fi komai ruɗa ni. In na shiga shago sai in ji kamar ana karanto mini sunayen alawa.

Ɗalibar Teku:
Wa alaikumus salam. Yaya Mai Tanki, bari in fara da na ukun don hankalinka ya kwanta. A nan ba a cuce ka ba. Murjanin da 'yan kasuwa ke kira Acan Lord, tsohon sunansa na kimiyya Acanthastrea lordhowensis. A 2016 masana suka sake nazarin danginsa ta hanyar ƙwayoyin gado da siffar ƙashi, suka mayar da shi cikin Micromussa. Mai shago yana kiran tsohon suna, takarda ta rubuta sabo. Abu ɗaya ne.

Sauran biyun sai ka taimaka mini da idonka. Kashe shuɗiyar fitila, ka kunna fara. Ɗauko tabarau mai ƙara girman abu, ko ka matso da kyamarar waya. Kowane ɗan rami da kake gani a jikin murjani ɗakin wata 'yar halitta ne mai baki ɗaya da yatsu kewaye da shi, ita ake kira folif. Ƙashin da take ginawa da yadda ramukan suka jeru su ne shaida, launi yana zuwa daga baya.

A na farkon, duba abu uku. In ramukan sun jeru layi-layi a tsawon reshe kamar ɗinkin keke, rassan kuma sirara ne, Seriatopora ne, shi ne ainihin wanda ake wa laƙabi da sheƙar tsuntsu. Wanda aka fi sani a cikinsu sunansa hystrix, ma'anarsa beguwa, saboda tsinin. In jikin reshen cike yake da gudaji-gudaji kamar ƙuraje, ramuka kuma har a kan gudajin, Pocillopora ne. In kuwa reshen sumul yake, mai kauri, baki a dakushe, ramukan a warwatse, kowanne da 'yar rumfa a samansa, to Stylophora ne. Sunan wanda ya fi yawa pistillata, daga kalmar Latin mai nufin taɓarya. Daga bayaninka zuciyata ta fi karkata ga wannan, amma sai ka duba.

Mai Tanki:
Allah ya saka da alheri ƙanwata. Yau da dare in sha Allah zan duba. Na biyun fa?

Ɗalibar Teku:
Shi kuma duba can ƙarshen reshe. Acropora yana da alamar da take bambanta shi: kowane reshe yana ƙarewa da rami ɗaya tilo a kan tsini, shi ke jan reshen gaba, sauran ƙananan ramuka suna kewaye da jikin reshen kamar ƙwayar gero a zangarniya. Sunan kansa abin da yake nufi ke nan, rami a tsini. In ka ga haka, ka tabbata Acropora ne. Daga nan sai mu ja birki. Acropora ya haura nau'i ɗari, kuma ɓallin da bai kai ashana ba bai nuna siffarsa ta girma ba tukuna. Duk wanda ya kalli hoton ɗan yanki a ƙarƙashin shuɗiyar fitila ya rantse maka cewa ga nau'insa, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin shaidarsa.

Walt Disney kuwa laƙabi ne da masu kiwo a Amurka suka raɗa wa wani murjani guda mai kyan launi, aka yi ta ɓallarsa ana rabawa. Ba sunan nau'i ba ne.

Mai Shago:
Salamu alaikum. Na karanta komai, kuma tunda sana'ata ake taɓawa, dole in sa baki. Ba a wurina Mai Tanki ya saya ba, amma zan kare abin da ya cancanci karewa.

Malama, kina magana kamar laƙabin nan shirme ne. To ki dubi dabino. Ajwa ta Madina, Sukkari na Ƙasim, Khalas na Ahsa, a wurin masana duk itace ɗaya ne, suna ɗaya gare su a littafi. Amma je ki kasuwar dabino ki ce a ba ki "dabino" kawai, ki ga kallon da za a yi miki. Kuma ta yaya ake samun Ajwa? Ba da ƙwallo ba. In ka shuka ƙwallon Ajwa wani abu dabam zai fito. Ɗan da ya tsiro a gindin uwa ake cirewa a dasa, shi ya sa ɗanɗanon bai canzawa. Haka murjanin nan yake. In na ce maka Green Slimer, ina nufin ɓalli ne daga wanda aka ɓallo daga wanda aka ɓallo, har zuwa uwa ɗaya da aka san halinta: tana girma da sauri, tana da juriya, tana fitar da yauƙi in an taɓa ta. Wannan bayanin sunan Latin ba zai ba ka shi ba. Mai saye launi da hali yake nema, ba jarrabawa zai rubuta ba.

Injiniyan Yanbu:
Wallahi Alhaji misalin dabinon nan ya zauna. Shekara tara ina kiwon murjani, kuma na ga bambanci tsakanin ɓallin da ya daɗe yana yawo a tankunan mutane da wanda aka ciro daga gonar teku jiya. Na farkon ya saba da fitilarmu da gishirinmu na buhu. Na biyun sai ka yi ta lallashi.

Ɗalibar Teku:
Alhaji, ranka ya daɗe, na karɓi misalinka, kuma ban ce laƙabi ba shi da amfani ba. In har silsilar ta tabbata, yana ɗauke da labarin da ya dace a biya kuɗi a kansa. Inda muka rabu shi ne nan: Ajwa tana da gari, tana da manoma da suka gaje ta kaka da kakanni, kuma in aka ba ka ta jabu harshenka zai gaya maka. Murjani fa? Kowa yana iya tashi da safe ya raɗa suna. Kaya su iso daga Indonesiya, a ga wani mai ɗan kama da wanda ya yi suna, a liƙa masa sunan, farashi ya ninka. Wa zai tabbatar da silsilar? Mu da muka taso muna jin yadda malaman hadisi ke bin isnadi mutum bayan mutum, mun san abin da ake nufi da a ce "daga wa ka karɓa". Yaya Mai Tanki, da ka tambayi mai shagon daga tankin wa uwar ta fito, me zai ce?

Mai Tanki:
Ban tambaya ba. Ban ma san ana tambaya ba.

Mai Shago:
Wannan kam gaskiya ce, ba zan musa ba. Akwai masu liƙa suna. Ni a wurina abin da na ɓallo daga uwar da nake da ita shi kaɗai nake kira da laƙabinsa, kuma uwar tana nan a tankin baya, duk mai so ya gani. Wanda ya zo a kwali daga waje, abin da takardarsa ta ce shi nake faɗa. Kuma ku sani, duk murjani mai ƙashin dutse yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin halittun da ake karewa tsakanin ƙasashe, ba ya ƙetare iyaka sai da izini. A takardun nan sau da yawa ba a wuce sunan dangi, sai ka ga an rubuta Acropora kawai da adadi. Hukuma da kanta ta san rarrabe su da wuya. Da Indonesiya ta dakatar da fitar da murjani a 2018, kusan shekara biyu muna shan wahalar kaya, a lokacin ne ɓallin gida ya yi daraja, a lokacin ne kuma sunaye suka yi yawa kamar ruwan sama.

Amma batun launin da ya koma ruwan ƙasa, kada a ɗora wa mai shago tun ba a bincika ba. Mai Tanki, nawa ne ma'aunin ruwanka?

Mai Tanki:
Gishiri 1.025, zafi yana kai 28 da rana saboda na'urar sanyaya ruwan ƙarama ce, kun san Jidda. Alkaliniti wajen 8. Naitiret, wato takin da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi da ragowar abinci, ya ɗan hau, ya kusa 25, don ina yawan ba kifi abinci. Murjanin kuma yana ƙasa-ƙasa, na ji tsoron kada haske ya ƙona shi.

Injiniyan Yanbu:
To ai ga amsar rabin tambayarka. A cikin naman murjani akwai wasu ƙananan tsirrai masu ƙwaya ɗaya, launinsu ruwan ƙasa, su ke yi masa abinci daga haske. In haske ya yi kaɗan, taki kuma ya yi yawa a ruwa, sai su ƙaru su rufe launin. Launukan nan masu walƙiya kuwa daga wasu sinadarai ne na jikin murjanin kansa, shuɗin haske ke tayar da su. Shi ya sa shaguna ba sa kunna farar fitila. Ko da ainihin na Amurkan aka ba ka, a ƙasan tanki da naitiret 25 haka zai koma. Rage abinci, canza kashi goma na ruwa duk mako, ka riƙa ɗaga shi sama kaɗan-kaɗan, kada ka yi masa tashi ɗaya. Ka kuma nemi hanyar da zafin zai tsaya wajen 25 zuwa 26. Bayan wata biyu ko uku sai mu ga abin da zai nuna.

Kawun Sawakin:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ya nuna mini wannan hira, na ce sai na yi magana ko da ban taɓa ajiye murjani a gilashi ba. A Port Sudan aka haife ni. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, suka yada zango a Sawakin suna jiran jirgi, wasu suka haye, wasu suka zauna. Na yi shekaru ina aiki a jiragen da ke kai masu nutso tudun murjanin Sanganeb da na Sha'ab Rumi, wurin da Cousteau, mai binciken teku ɗan Faransa, ya kafa gidansa na ƙarƙashin ruwa a 1963, har yau ragowarsa tana nan.

Abin da idona ya gani shi zan faɗa. A Sanganeb, kusa da hasumiyar fitila, in kana saman tudun inda igiyar ruwa ke dukansa dare da rana, murjanin wurin gajere ne, a dunƙule, rassansa kamar yatsun maƙeri. Gangara ƙasa kaɗan inda ruwa ya lafa, sai ka ga rassa sun miƙe sun yi tsawo. Ƙara nutsawa inda haske ya ragu, sai su baje kamar faifai, kowa yana shimfiɗa jikinsa ya tari rana. Wani Bature mai bincike da muka ɗauka ya taɓa nuna mini guda biyu, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa, ya ce iri ɗaya ne. Na yi masa gardama har sai da ya nuna mini ramukansu da gilashi. To ku da kuke sa shi a akwati da famfo yana hura masa ruwa ta gefe guda, yaya za a yi ya yi kama da na hoto?

Ɗalibar Teku:
Kawu, barka da zuwa, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ka faɗa shi ne abin da aka koya mana a tsangayar kimiyyar teku ta Jami'ar Sarki Abdul'aziz, sai dai kai ka gan shi da ido shekara da shekaru. Shi ya sa nake cewa siffar girma mataki ne na farko, ba a tsayawa a kanta. Ana fara cewa: mai rassa ne kamar ƙahon barewa, ko tebur, ko mai yatsu, ko dunƙule kamar tulu, ko mai malala a jikin dutse, ko mai ganye kamar kabeji, ko mai zaman kansa a kan yashi kamar wainar da aka kife, irin su Fungia. Wannan yana rage yawan waɗanda ake zato. Sai a koma ga ramuka. Montipora kaɗai ya ishe mu misali: akwai mai faifai, akwai mai rassa, akwai mai malala, wani lokaci ma guda ɗaya ya fara da malala ya ƙare da rassa. Abin da ya haɗa su ramuka ne ƙanana ƙwarai kamar hudar allura, kuma babu ramin tsini irin na Acropora.

Injiniyan Yanbu:
Ƙanwata, bari in ɗan ja da ke a wani wuri. Kuna zargin 'yan kasuwa da yawan suna, amma ku ma masana ba ku bar mu mun huta ba. Na haddace Favia, a 2012 aka ce na tekunanmu duk sun koma Dipsastraea, Favia ta zama ta Atilantika. Na haddace Acanthastrea, kin ji abin da ya faru. Scolymia ta Ostireliya ta koma Homophyllia. Waɗanda kasuwa ke kira Hammer da Frogspawn, da muka sani a Euphyllia, a 2017 aka kwashe su zuwa Fimbriaphyllia aka bar ɗan uwansu Torch. Ko Acropora tenuis ɗin da ake cewa shi ne Walt Disney, a 2023 aka ce abin da ake kira da wannan suna nau'o'i ne da yawa, na babban tudun murjanin Ostireliya ma kenti ne sunansa. Na sayi littafin Veron, masanin murjani, mai juzu'i uku na shekarar 2000 da kuɗi masu yawa, yanzu sunaye da dama a ciki sun tsufa. Mutum ya kama wanne?

Ɗalibar Teku:
Yaya Injiniya, ƙorafinka yana kan hanya, mu ma ɗalibai muna shan wannan wahalar. Amma dubi yadda ake canzawar. In masani zai sauya suna, sai ya wallafa hujjarsa, wasu su duba su yarda ko su ƙi. Tsohon sunan ba a jefar da shi, ana ajiye shi a gefen sabon, duk wanda ya nemi ɗaya zai tarar da ɗayan. Sannan yawancin sunaye suna da ƙashin asali da aka ajiye a gidan tarihi, wanda za a iya komawa a ɗauka a auna. Tekun nan namu ma yana da babban rabo a wannan tarihi. Forsskål, masani daga Sweden, ya biyo ta Jidda a 1762 yana tattara halittun Bahar Maliya, ya rasu a Yaman shekarar da ta biyo. Ehrenberg da abokinsa Hemprich, masana Jamusawa, sun yi yawo a tekun nan, Hemprich ya rasu a Massawa a 1825, Ehrenberg ya koma Berlin da kayansu ya wallafa aikinsa a 1834. Akwai Acropora hemprichii da ke ɗauke da sunan marigayin, yana nan a tudun murjanin da ke gabanmu. Kusan shekara 200, kuma har gobe ana iya bin sawun sunan. Laƙabin kasuwa in mai shi ya rufe shago, wa za a tambaya?

Littafinka kuma kada ka yar. Hotunan ƙashin da ke ciki ba su tsufa ba. Rubuta sabon suna da fensir a gefe.

Hajiya Babba:
Ni dai ina ta karatu ina mamaki. Murjanin da muka sani shi ne jan tsakiyar da ake sa wa amare, wanda iyayenmu ke ajiyewa a adudu, da wanda Allah ya ambata a Suratur Rahman tare da lu'ulu'u. Yanzu ku ce mini shi ne wannan da kuke ba wa haske da abinci?

Ɗalibar Teku:
Hajiya, 'yan uwa ne amma ba ɗaki ɗaya ba. Jan murjanin ado na asali daga Bahar Rum aka fi samo shi, sunansa Corallium rubrum, folif ɗinsa yatsu takwas gare shi. Masu gina tudu irin na tankin Yaya yatsunsu shida-shida suke tafiya, 12, 24, haka. Wannan ƙidayar ma tana da amfani a shago. Masu laushi irin su Xenia mai buɗe hannu tana rufewa, wadda ke da yawa a Bahar Maliya, da Sarcophyton mai kama da laima, duk takwas ne.

Kawun Sawakin:
Hajiya, akwai kuma baƙi, yusur, wanda ake yin carbi da shi a sa masa ɗigon azurfa. Daga tekun nan ake ciro shi a da. Ina da na mahaifina. Gidajen tsohuwar Sawakin kuma da dutsen murjani aka gina su, haka na Balad, tsohuwar unguwar nan ta Jidda. In kin je Balad ki dubi bangon da filastarsa ta zube, za ki ga zanen ramukan a jikin dutsen, wani kamar saƙar zuma, wani kamar ƙwaƙwalwa.

Ɗalibar Teku:
Kawu ka taɓo wani abu mai amfani. Masu kama da saƙar zuman nan su ne suka fi rikita masu shago, kusan duka Favia ake ce musu. A duba bango: in kowane rami yana da nasa bangon, da 'yar kwari tsakaninsa da maƙwabcinsa, Dipsastraea ne. In bango ɗaya suka raba kamar gidajen da suka haɗa katanga, a nemi wajen Favites ko Goniastrea. In ramukan sun haɗe sun zama dogayen kwaruruka masu lanƙwasa, an shiga wajen Platygyra da 'yan uwansa.

Sabon Shiga:
Yaya, gaskiya ina jin daɗin bayanin, amma bari in yi tambayar jahili. In abin yana da kyau kuma yana raye, me zai dame ni da sunansa?

Mai Shago:
Ɗana, wannan ni zan ba ka amsa, don na ga asarar da rashin sani ke jawowa. Hammer iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai rassa, kowane kai da nasa reshen, in kana so ka raba sai ka karya reshe ɗaya, shi ke nan. Akwai mai bango, jikinsa ɗaya ne dogo a lanƙwashe, in ka yanka ka yanka nama, ciwo ya shiga, sau da yawa duka yake tafiya. Daga sama yatsunsu iri ɗaya ne, masu kai kamar anga. Sai ka leƙa ƙasa ka ga ƙashin. Wani yaro ya taɓa kawo mini nasa a roba yana narkewa, ya sa masa zarto don an ce masa ana raba Hammer. Na yi baƙin ciki ranar.

Ga Galaxea, kyakkyawa kamar taurari, da dare sai ta miƙo dogayen yatsu ta ƙone duk maƙwabcin da ke kusa. In an sayar maka da ita da wani suna mai daɗi ba ka san ko wace ce ba, da safe za ka tarar da ɓarna.

Injiniyan Yanbu:
Wanda ya fi wannan haɗari shi ne masu kama da maɓallan riga, da ake kira Zoa ko Paly, masu sunaye irin su Rasta da Utter Chaos. Wasu daga cikin Palythoa suna ɗauke da dafi mai suna falitoksin, yana cikin mafi ƙarfin dafin da aka sani. An sha kwantar da iyali guda a asibiti a Turai da Amurka saboda an zuba wa dutsen da suke kai tafasasshen ruwa, tururin ya cika gida. Da ido ba ka rarrabe mai dafi da marar dafi. Safar hannu da tabarau duk lokacin da za ka taɓa su, kada ka kankare su a busashe, kada ka tafasa dutse, kada yara su sa hannu a tanki. Ina roƙon kowa ya riƙe wannan.

Kawun Sawakin:
Akwai kuma mai wuta, ruwan ɗorawa da farin baki, yana tsaye kamar mafici. Tabonsa yana nan a damtsena tun ina saurayi.

Ɗalibar Teku:
Millepora ke nan Kawu. Kamanninsa na murjani, amma danginsa dabam, kuma jikinsa sumul yake, ba ramuka masu bango sai ƙananan huda.

Shugaban Zaure:
Jama'a, muhawara ta yi albarka. Abu ɗaya zan tunatar, tunda an yi ta ambaton Bahar Maliya: kada wani ya ji daɗin hira ya je bakin teku a Abhur ko Shu'aiba ya ɓallo murjani ya kawo gida. Dokar muhalli ta hana, akwai tara, kuma mu baƙi da 'ya'yan baƙi mun san abin da ƙaramin laifi ke jawowa. Ban da doka ma, tudun murjanin da ke wajen Thuwal, arewa da Jidda, ya yi fari saboda zafi a 2010 da 2015, masu bincike na jami'ar KAUST sun rubuta shi. Abin da ya rage ba na ɗiba ba ne. Duk wanda ya tallata na teku a zauren nan zan cire shi.

Mai Tanki:
Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Jiya bayan isha'i na kashe shuɗiya na kunna fara. Na farkon babu layi, babu ƙuraje. Wani ɗan reshe da ya karye tun watan jiya ya mutu a bayan dutse, na ciro shi na jiƙa a ruwan bilic kwana ɗaya kamar yadda Injiniya ya gaya mini ta waya, na ɗauraye na shanya. Da na sa gilashi sai ga 'yar rumfar nan a kan kowane rami, da wani ɗan tsinke a tsaye a tsakiya. Na daɗe ina kallo wallahi. Wata huɗu yana gabana ban taɓa ganin wannan ginin ba.

Na biyun yana da rami ɗaya a kan kowane tsini. Na ɗaga shi sama da faɗin tafin hannu.

Yau da safe na koma shagon da ƙashin a aljihu. Ban yi faɗa ba, na nuna masa. Ya ce shi ma da wannan sunan aka kawo masa, ya ba ni haƙuri, ya ce in dawo da shi ya canza mini. Na ce a'a, ina son abina. Game da na biyun na tambaye shi uwar, ya ce a kwali ya zo. Ya mayar mini da riyal 200.

Ɗalibar Teku:
Ma sha Allah, Stylophora ne Yaya, tsinken tsakiyar nan shi ya ba shi sunan. Yana cikin waɗanda suka fi yawa a tekun da ke bayan gidanka, kuma yana cikin waɗanda aka fi yin bincike da su a duniya. Yana son ruwa mai motsi sosai. A littafinka rubuta Stylophora, a gaba ka sa "an sayar mini da sunan kaza, ranar kaza". Na biyun rubuta Acropora kawai ka bar gurbi. In ya shekara ya yi rassa, ka ɗauko hotonsa daga sama da gefe a farin haske mu sake zama.

Mai Shago:
Na ji daɗin yadda mutumin ya karɓi magana. Ni ma daga makon nan zan ƙara layi a katin farashi, laƙabi a sama, dangi a ƙasa, da ko ɓallin gida ne ko na kwali. Malama, akwai guda shida a tankin baya da ni kaina ban san danginsu ba. In kin samu lokaci ki biyo da gilashinki.

Sabon Shiga:
Na je wani shago da yamma na ga wanda ake kira Flowerpot, dogayen wuya kamar furanni a tulu. Mai shagon ya ce Alveopora ne. Yaya zan gane?

Ɗalibar Teku:
Ƙirga yatsun folif ɗaya. 12 Alveopora, 24 Goniopora. Ɗauki hoto ka faɗaɗa, ya fi sauƙin ƙirgawa. Kuma ko wanne ne, kada ya zama murjaninka na farko, Goniopora musamman yana son tankin da ya kwana biyu. Alhaji, ranar Asabar bayan la'asar in sha Allah, zan zo da ƙanena.

Sabon Shiga:
Na faɗaɗa hoton na ƙirga sau uku. 24 ne.

Kawun Sawakin:
In Asabar ɗin ta tabbata ku gaya wa jikana wurin, ya kawo ni. Zan zo da carbin yusur ɗin Hajiya ta gani, da wani ɗan dutse da na tsinta a kangon gidan kakana a Sawakin. 'Yata, ina so ki duba mini ramukansa.